Gem ɗin PS da aka jibge a kwamfuta yana cijewa: yadda za ka gwada shi, ka gyara, ko ka karɓo kuɗinka

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa a Jos, daga samarin Unguwar Rogo zuwa ɗaliban jami'a da ke zaune wajen Titin Bauchi, har masu gidajen gem na Bukur: mutum ya tara kuɗi ya sayi gem, kwamfutarsa ta cika duk sharuɗɗan da aka rubuta, amma gem ɗin sai cijewa yake yi, alhali ƙaninsa na buga shi sumul a tsohuwar PS4. Laifin kwamfuta ne ko na gem?

Sau da yawa na gem ne. Kamfani kan ƙera wasa don PlayStation ko Xbox, inda kowace na'ura iri ɗaya ce da 'yar'uwarta, sannan a ƙurarren lokaci ya kwaso shi ya jibge a kwamfuta. Tamkar tela ne ya ɗinka riga da awon mutum ɗaya, ya ce duk unguwa su sa. Haka aka yi da Batman: Arkham Knight a 2015, wanda lalacewarsa ta kai kamfanin Warner Bros. ya janye shi daga kasuwa na tsawon watanni. Haka The Last of Us Part I ya iso a Maris na 2023, Star Wars Jedi: Survivor ya biyo shi a Afrilu har EA ta ba da haƙuri. Masu ƙwallo ma sun ɗanɗana: FIFA 21 da FIFA 22 na kwamfuta samfurin PS4 ne, ba na PS5 ba, komai ƙarfin injinka.

Amma ba kullum ba. Wani lokacin ƙura ce ta toshe fanka, ko caja ce ba a jona ba. Shi ya sa jerin matakan nan yake da muhimmanci: in ka yi na shida kafin na huɗu, za ka maimaita aiki, kuma lokacin da Steam, shagon sayar da gem na intanet, ya ba ka na mayar da kaya zai ƙare kana tsakiyar lalube.

1. San abin da ke cikin injinka

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, sai ka shiga Performance. Rubuta abu huɗu a takarda: sunan firosesa, yawan RAM, sunan katin hoto, da irin ma'ajiyar da kake da ita, SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa.

A ƙarƙashin GPU za ka ga lambobi biyu. Dedicated GPU memory ita ce ainihin ma'ajiyar katin, wadda ake kira VRAM, kuma ita kaɗai ce abin lissafi. Shared GPU memory aro ne daga RAM, ba ta da saurin da gem ke so.

Hattara: wasu masu sayar da laftof na hannu kan haɗa lambobin biyu su ce maka "giga takwas ne girafik ɗinta". In ka ga Intel UHD ko Iris Xe kaɗai ba tare da Nvidia ko Radeon RX ba, laftof ce ta ofis, babu saitin da zai sa ta ɗauki gem ɗin PS5. Sannan katin laftof ba ɗaya yake da na kwamfutar tebur ba ko da suna ya zo ɗaya. RTX 3060 na tebur da aka fi sani giga 12 gare shi, na laftof giga 6.

2. Bincika gem ɗin kafin ka taɓa aljihu

Wannan matakin ya fi duk sauran arha, kuma shi aka fi tsallakewa.

Fara da shafin gem ɗin a Steam. Kada ka tsaya a jimillar ra'ayoyin masu saye, duba Recent Reviews, wato na kwana 30 da suka wuce. Gem na iya fitowa a lalace a gyara shi daga baya, kamar Horizon Zero Dawn da ya zo da matsaloli a 2020 aka bi shi da faci, wato gyaran da kamfani ke turowa ta intanet, har ya daidaita. Wani kuma yana fitowa lafiya sai sabon faci ya ɓata shi. Karanta ra'ayoyin da ba su yaba ba, ka nemi masu kati irin naka. Ƙorafin mai babban kati irin RTX 4090 ba naka ba ne, amma in shi ma yana kuka, to ka san inda aka dosa.

A gefen dama na shafin akwai ɗan akwati da ke faɗin ko gem ɗin yana buƙatar asusun wani kamfani, ko yana ɗauke da Denuvo, manhajar hana satar gem, ko da manhajar hana maguɗi. A wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Denuvo kan nemi intanet lokaci zuwa lokaci don ya tabbatar kai ne mai gem, kuma ranar da datarka ta ƙare ita ce ranar da zai nema. A 2024 kuma Sony ta tsayar da sayar da wasu wasanninta na kwamfuta a ƙasashen da ba ta buɗe PSN, wato asusun intanet na PlayStation, a hukumance ba, kafin daga baya ta sassauta. Ka tabbata maɓallin saye yana nan a asusunka kafin ka loda kuɗi.

Daga nan wuce PCGamingWiki, ka rubuta sunan gem ɗin. Akwai jadawali mai alamun kore da ja: ko an kulle shi a firam 30 ko 60, wato yawan hotunan da ke fitowa a allo cikin sakan ɗaya, ko ana iya sauya maɓallan kibod, ko yana karɓar fad ɗin PS, ina yake ajiye sef, da matsalolin da aka sani tare da maganinsu. In ka ga ja ya yi yawa, aikin kwashi-kwaraf ne. A ƙarshe ka nemi bidiyo a YouTube da sunan gem haɗe da sunan katinka. Tashar Digital Foundry kan bi manyan wasanni dalla-dalla, har ta ba da saitin da ya yi daidai da na PS5, wanda shi ne mafi kyawun wurin farawa.

Hattara: abin da aka rubuta a Minimum ba alkawarin jin daɗi ba ne. Galibi ma'anarsa gem ɗin zai buɗe, a mafi ƙarancin saiti, a firam 30. Auna kanka da Recommended. Kuma kada ka biya kuɗin gem tun bai fito ba, cinikin biri a sama ne. A ganina duk wanda ke sayen data da guminsa ya bar sabon gem ya yi wata biyu ko uku a kasuwa tukuna.

3. Lissafin kuɗi da data

Sabon babban gem dala 60 ne zuwa 70, kuma Steam ba ya lissafi da naira, don haka ka ninka da canjin ranar, ka ƙara cajin banki ko na katin dala. Yana karya farashi sosai a ƙarshen Yuni da ƙarshen Disamba, kuma a lokacin an riga an yi wa gem ɗin faci da yawa. Riba biyu ke nan.

Kuɗi na biyu shi ne data. The Last of Us Part I na neman giga 100 a SSD, Jedi: Survivor giga 155. Irin waɗannan wasannin kuma su suka fi yawan faci, kowane faci da nasa gigogin. In abokinka ya riga ya sauke, ba sai ka sake ba: sayi naka lasisin, ku hau Wi-Fi ɗaya, ku kunna Game File Transfer over Local Network a saitin Downloads, Steam zai jawo fayilolin daga kwamfutarsa. Ko ka kwafo foldar gem ɗin daga steamapps\common zuwa taka, ka danna Install, zai gano abin da ke nan ya cike giɓin kawai.

Hattara: sayi gem ɗin a cikin Steam kai tsaye. Lambar da ka saya wurin wani ɗan kasuwa a WhatsApp ko wani shafi, Steam ba ya mayar da kuɗinta. Kada kuma ka sauya ƙasa da VPN don arha, ya saɓa wa dokarsu kuma asusunka ne a kan layi. Su kuwa fasassun wasannin da ake ɗora wa mutane a shago, yawanci samfurin ranar farko ne, wato mafi lalacewa, ba faci, ba mayarwa, wani sa'in da bairos a ciki.

4. Shirya kwamfuta kafin ka buɗe gem ko sau ɗaya

Dokar Steam ita ce: za a mayar maka da kuɗi in ka nema cikin kwana 14 da saye, kuma ba ka kai awa 2 kana wasa ba. Shagon Epic ma haka, shagon GOG kuwa kwana 30 yake bayarwa. Agogon awa biyun yana tafiya ne duk lokacin da gem yake buɗe, ko kana cikin menu, ko ka tafi masallaci ka bar shi. Saboda haka duk abin da za a iya yi gem na rufe, a yi shi yanzu.

Na farko direban katin hoto. Sauke shi daga shafin Nvidia, AMD ko Intel, ka girka, ka sake kunna kwamfuta. In kwamfutar ta hannu ce ba ka san abin da mai ita na farko ya cusa mata ba, share tsohon direban da manhajar DDU a Safe Mode na Windows kafin ka sa sabo. Dalilin da ya sa direba ke zuwa farko zai fito a mataki na gaba.

Na biyu, gem ya zauna a SSD. Wasannin da aka gina don PS5 suna ɗibar kaya daga ma'ajiya kana cikin tafiya, domin SSD ɗin PS5 na karanta giga 5.5 a sakan. Tsohon faifai ba ya kusa da haka, shi ya sa za ka ga bango ya zo babu fenti, ko mota ta faɗa ƙarƙashin titi. Bar sarari a SSD ɗin, kada ka cika ta maƙil, kuma kada ka kashe pagefile na Windows don wani ya ce yana ƙara sauri.

Na uku, wuta. Laftof a kan batir tana rage wa kanta ƙarfi da gangan, don haka jona caja, kuma cajarta ta asali. Laftof ɗin gem da ke son wat 180 ba za ta ƙoshi da cajar wat 65 ba. Shiga Settings, System, Display, Graphics, ka zaɓi gem ɗin ka sa shi a High performance, in ba haka ba yana iya hawa ƙaramin katin Intel ya bar babban yana barci. Mai kwamfutar tebur ya nemi UPS. In kamfanin wuta na JED ya ɗauke wuta ana tsakiyar faci, fayil na iya lalacewa. In hakan ta faru, kada ka goge ka sake saukewa: danna dama a kan gem, Properties, Installed Files, Verify integrity of game files.

Na huɗu, ƙura. Sanyin Jos na taimakon kwamfuta, amma hunturun da ke kawo sanyin shi ke cika fanka da ƙura. Hura iska ta ramukan, ka riƙe fankar da tsinke kada ta yi ta juyawa. Kada a ɗora laftof a kan katifa ko darduma. Ɗaga bayanta da littafi ma ya wadatar.

Na ƙarshe, girka MSI Afterburner, manhajar da ke nuna aikin injinka a allo, tare da RivaTuner da ke zuwa a cikinsa. Kyauta ne. A Monitoring ka zaɓi su fito a allo: firam, frametime da zanensa, aikin GPU, zafin GPU, VRAM, zafin firosesa, da RAM.

Hattara: akwai shafukan bogi da ke raba Afterburner mai ɗauke da manhajar haƙar kirifto. Daga shafin MSI ko Guru3D kaɗai za ka sauke.

5. Yadda za ka kashe awa biyun

Sa agogo a waya. Da ka buɗe gem, wataƙila ka ga rubutu na cewa Compiling shaders ko Building shaders, da ɗan layi yana rarrafe. Gem ɗin na fassara umarnin haske da inuwa ne zuwa yaren katinka. A PS an riga an yi wannan aikin tun daga kamfani tunda kati ɗaya ne, a kwamfuta kuwa sai a gabanka. Bar shi ya gama. In ka tsallake, zai yi aikin kana cikin wasa, kuma duk sabon abu da ya bayyana a allo sai hoto ya tsaya cak na ɗan lokaci.

Ga dalilin sa direba a gaba: duk sanda ka sauya direba, harhaɗawar nan ta tashi a banza, sai an sake daga farko. A farkon fitowar The Last of Us Part I akwai waɗanda ta cinye musu fiye da awa guda. In ka ga minti 40 sun wuce ba ta kai rabi ba, ɗauki hoton allon, zai yi maka amfani wajen neman kuɗinka.

Da ta gama, kada ka ɓata lokaci wajen zaɓar wa ɗan wasa gemu da riga. Tsallake bidiyoyin labari in ana iya tsallakewa, ka yi sauri ka kai wuri mai nauyi: gari mai jama'a, fili mai faɗi, faɗa mai wuta da hayaƙi. Farkon gem yawanci lungu ne mara nauyi, kuma shi kamfani ya fi gogewa. Da yawa sun yi awa biyu a gabatarwa suna murna, suka shiga babban gari bayan ƙofar mayarwa ta rufe. In gem ɗin yana da Benchmark a menu, yi shi, amma kada ka dogara da shi kaɗai.

Ka tsaya a minti 90. Sauran talatin ɗin ajiya ce don gwada gyara.

6. Karanta lambobin

Yawan firam ba shi ne labari ba, zanen frametime ne, wato lokacin da kowane hoto ke ɗauka. A firam 60 kowane hoto na ɗaukar milisakan 16.7, a firam 30 kuma 33.3. In layin ya miƙe, wasa zai yi santsi ko da a 30 ne. In yana harbawa sama kamar ƙaya, za ka ji cijewa ko da lamba na nuna 80.

In aikin GPU yana 95 zuwa 99 cikin ɗari kuma firam ya yi ƙasa, katin ne ya kai iyakarsa. Wannan ita ce matsala mai sauƙi, rage saiti zai warware ta.

In GPU yana 50 ko 60 cikin ɗari amma firam bai tashi ba, firosesa ce ta riƙe shi. Kada jimillar aikin firosesa ta ruɗe ka, tana iya nuna 40 alhali ƙwaya ɗaya daga cikinta ta cika, sauran na zaune. Wannan babbar alama ce ta gem ɗin da ba a yi wa aikin kirki ba, kuma rage kaifin hoto ba ya taɓa shi.

In VRAM ta cika, za ka ga wasa ya fara lafiya, bayan minti ashirin ya fara cijewa, fentin kaya ya dushe, ko ya fita da kansa. PS5 na da giga 16 da firosesa da kati ke rabawa yadda suka ga dama. Kamfanin da bai damu ba sai ya kawo lissafin nan yadda yake, kati mai giga 4 ko 6 ya shaƙe.

In zafin katin laftof ya doshi 87, ko firosesa ta haura 95, kuma a daidai lokacin firam ya faɗi, to ba gem ba ne. Koma wajen ƙura, ko ka kai wa mai gyara ya sauya man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya ta.

In kuwa komai na nuna lafiya, amma duk sanda ka ratsa wata ƙofa ko wata gada sai ya cije, a wuri ɗaya, kowane lokaci, to a jikin gem ɗin yake. An san wasanni da yawa da aka ƙera da manhajar Unreal da wannan. Kada ka tafi kasuwar Banex neman sabon kati saboda shi, masu katin miliyoyi ma suna fama.

7. Sauya saiti, ɗaya bayan ɗaya

Ka tsaya a wuri guda mai nauyi, ka sauya abu ɗaya, ka duba lamba, sannan na gaba. In ka juya goma a lokaci ɗaya ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Fara da kashe Ray tracing. Sai Textures: daidaita shi da VRAM, mai giga 4 ya zauna a Low ko Medium, mai 6 a Medium, mai 8 ya gwada High. Wasu wasannin sai an rufe an buɗe kafin sauyin ya kama. Daga nan Shadows, Volumetrics da Reflections su sauka zuwa Medium, su ne masu cin ƙarfi ba tare da ido ya ga wani bambanci ba. In firosesa ce matsalar, abin da za ka rage shi ne Crowd density da View distance, ka kuma rufe Chrome da duk abin da ke gudana a baya.

Sannan ka kunna mai ɗaga hoto. DLSS na katunan RTX ne kaɗai, FSR da XeSS kuwa kusan kowane kati na ɗauka. A allon 1080p ka tsaya a Quality, wanda ke zana hoton a 720p ya ɗaga shi. Performance na saukowa har 540p, fuskoki su zama kamar an shafa musu mai.

In gem ɗin ya ba da zaɓi tsakanin DirectX 11 da 12, gwada duka biyun. A tsofaffin katuna 11 kan fi natsuwa.

Hattara: Frame generation, saitin da ke ƙirƙiro ƙarin firam, ba maganin gem mai firam 25 ba ne. Lamba za ta ninka a allo, amma hannunka zai ji nauyi, ka danna yanzu a amsa anjima. Sai kana da wajen 50 zuwa 60 na gaske yake da amfani. RAM kuma, in sanda ɗaya ce a ciki, ƙara ta biyu irinta na daga cikin sayayya mafi arha da ke rage cijewa. Giga 8 ta yi kaɗan ga wasannin zamanin PS5, 16 ce madaidaiciya.

8. Kulle firam

Buɗe RivaTuner, ka ƙara gem ɗin, ka rubuta lamba a Framerate limit. Zaɓi lambar da injinka ke iya riƙewa a wuri mafi nauyi, kuma wadda ta raba saurin allonka daidai. Allo mai 60Hz: 60 ko 30. Mai 120Hz: 60 ko 40. Mai 144Hz: 72 ko 48. In allon na da FreeSync ko G-Sync, kowace lamba a cikin iyakarsa ta yi.

Na san akwai ciwo mutum ya sayi kwamfuta mai tsada ya kulle ta a 30. Amma santsin da kake gani a PS4 ɗin ƙaninka, 30 ɗin ce, tsayayya. Ta fi 55 mai hawa da sauka daɗi a hannu, kuma fanka za ta huta, infata ma ta daɗe.

Masu gidan gem da ke jona kwamfuta da talabijin: kunna Game mode a talabijin ɗin, kuma ku duba Advanced display a Windows. Wasu talabijin masu 4K na faɗawa 30Hz da tsohuwar wayar HDMI, a yi ta zagin gem a banza.

9. Fad, maus da kibod

Yawancin waɗannan wasannin fad ɗin Xbox suka sani. In naka na PS4 ne ko PS5, kunna Steam Input a Properties, Controller. Shi ma fad mai arha na USB da ake sayarwa tagwaye a kasuwar Terminus ta nan zai yi aiki, ko ta x360ce in gem ɗin ba na Steam ba ne. Alamun maɓalli na iya fitowa A, B, X, Y maimakon alwatika da da'ira, sai haƙuri ko mod, wato gyaran 'yan sa-kai. Jijjigar musamman ta fad ɗin PS5 kuwa a yawancin wasanni sai an jona shi da wayar USB.

Hattara: kada ka kunna DS4Windows da Steam Input tare. Gem zai ga fad biyu, ka danna sau ɗaya menu ya tsallake biyu, a ƙwallo kuma ka tarar kana juya ƙungiyoyi biyu.

In da maus kake wasa kuma kana jin kamar yana iyo, nemi Mouse acceleration da Mouse smoothing ka kashe, haka Motion blur. In kanka na juyawa bayan ɗan lokaci, faɗaɗa Field of view, domin an saita shi ne don mai zaune nesa da talabijin. Inda menu bai ba da waɗannan ba, PCGamingWiki zai nuna maka layin da za ka gyara a fayil ɗin saiti, galibi a Documents\My Games ko %LOCALAPPDATA%. Kwafi fayil ɗin ka ajiye gefe kafin ka taɓa shi.

10. Gyaran 'yan sa-kai

Abin takaici ne, amma sau da yawa masu wasa ne ke ƙarasa aikin da kamfani ya bari. Dark Souls ya zo kwamfuta a 2012 a kulle a 1024x720 da firam 30, wani mai suna Durante a intanet ya fitar da DSfix ya buɗe shi. NieR: Automata na 2017 ya dogara da FAR na Kaldaien har zuwa 2021 da kamfanin ya yi faci. GTA IV na 2008, wanda har yau ake nema a Jos, yana samun sauƙi sosai da DXVK da FusionFix. Ga sababbin wasanni akwai Special K da abin da ke Nexus Mods.

Bi hanyar da PCGamingWiki ya nuna zuwa ainihin shafin mai gyaran. Ajiye kwafin sef. Sa mod ɗaya, gwada, sannan na gaba, kuma ka rubuta sunan duk fayil ɗin da ka jefa a folda don ka iya cire shi. Bayan kowane faci na kamfani, mod na iya daina aiki, shi za ka fara zargi in gem ya ƙi buɗewa.

Hattara biyu a nan. Gem mai manhajar hana maguɗi, irin Elden Ring ko EA FC, kada ka shiga intanet da mod a jikinsa, za a iya rufe maka asusu. Elden Ring a kulle yake a firam 60, masu buɗe shi ba tare da intanet suke wasa ba. Na biyu, a wasu wasannin motsin duniya a ɗaure yake da firam. A Dark Souls in ka buɗe 60 da DSfix, tsalle na gajarcewa, kana iya zamewa daga tsani ka ratsa ƙasa. Skyrim da Fallout 4 in sun haura 60 kaya kan fara tashi sama da kansu. A kula kada a yi gyaran gangar Auzinawa.

11. In bai gyaru ba, mayar da shi

In ka kai minti 110 kuma har yanzu layin frametime na harbawa a Medium, a kan injin da ya cika Recommended, rufe gem ɗin. Duba Task Manager ka tabbata ya mutu gaba ɗaya, domin wasu na barin manhajar buɗewarsu a baya agogo na ci gaba da ƙirga.

Shiga help.steampowered.com, Purchases, zaɓi gem ɗin, danna I would like a refund. Wajen dalili ka zaɓi matsalar gudu ko ƙin buɗewa, ka rubuta gajeren bayani: katinka, RAM, saitin da ka gwada, firam ɗin da ka samu. In ka ɗan haura awa biyu saboda harhaɗawar farko ko yawan fita da kansa, ka nema duk da haka, ka faɗi minti nawa ta ci. Mutum ne zai duba, yana iya amincewa, yana iya ƙi.

Za a tambaye ka inda kuɗin zai koma. In da katin dala na manhajar waya ka biya, musamman irin wanda ake rufewa bayan amfani, zaɓi Steam Wallet, ya fi sauri kuma ba ya ɓacewa a hanya. Sai dai kuɗin da ya shiga Wallet ba ya fita zuwa banki, gem kawai zai saya. In katin bankinka ne kuma kana son nairarka, zaɓi katin, ka ba shi mako guda ko fiye.

Kafin ka cire gem ɗin, in kana da sarari, kwafe foldarsa zuwa faifan waje. Sa shi a Wishlist. In an yi masa faci, Recent Reviews suka juya, farashi kuma ya faɗi a Disamba, facin kaɗai za ka sauke, ba giga 100 ba.